Ɗaki Na Bakwai

Damina ta zauna a Pokhara kamar mai bin bashi.
Ɗakuna goma sha ɗaya gare ni,
makullai goma na rataye a ƙusa,
ɗayan yana aljihun wani ɗan Koriya
da ciwon ciki ya hana shi hawan dutse.

Sujan, ɗan ƙanwata, ya sa mana manhaja a waya.
Ya ce, “Inna Dilmaya, zumunci ya bar ƙafa,
ya koma babban yatsa.”
Ya kwashe sunayen baƙin shekara takwas
ya zuba mata kamar masara a injin niƙa.
Ita ke tuna ranar haihuwar kowa,
tana gaisuwa da harshe shida,
tana cewa mun yi kewarka
ga mutumin da ko tarinsa ba ta taɓa ji ba,
sannan ta ɗora ragin kashi ashirin, gyara.

Ban ƙi ba.
Kwanon rufina na yoyo,
yoyo kuwa ba ya jiran kaka.

Daren Talata, ɗaya saura kwata,
wayar ta yi gurnani a kan kanta.
Da rana mun aika (na ce mun,
don sunana ne a ƙasan saƙon):
“Barka da ƙarin shekara, Anselmo! Ɗakinka na jiranka.”

Ga amsa daga Porto:
“Graça ce, ’yarsa. Baba ya rasu a Maris.
Na kasa rufe layinsa.
Ban da ni, ku kaɗai kuka tuna da yau.”

Sai manhaja ta kunna koren tauraro:
“Madalla! Abokin ciniki ya amsa.
A tura masa tayi na gaba?”

Na kifa ta a kan fuskarta.

A ƙarƙashin matakala akwai littafi mai baƙin bango
wanda ɓera ya ɗanɗana gefensa.
Da tocila a baki na bi shi shafi shafi.
Ga shi. Ɗaki na bakwai, kwana tara.
Rubutuna ne, na lokacin da idona ke da kyau:
Shayi da citta, ban da sukari.
Yana tsoron matsattsaku, yana ɓoyewa.
Kullum da asuba yana zama a mataki na uku
yana jiran Wutsiyar Kifi ta fito daga gajimare.
Ba ta fito ba. Bai yi ƙorafi ba.
Ya gyara famfon kicin, ya ƙi a rage masa ko rupi.

Da yatsa ɗaya na rubuta mata wannan,
da Turancina mai ɗingishi,
na goge, na sake, har kare ya gaji da haushi.
Ban ce mata ta zo ba.
Na kunna masa fitilar man shanu a bakin taga.

An ce baƙo raɓa ne.
To, amma raɓa tana barin sanyi a kan dutse
ga wanda ya tashi da wuri ya taɓa.

Da safe Sujan ya karanta, ya sosa ƙeya.
Ya ce akwai akwatin da ake dannawa,
sunansa “ya daina zuwa.”
Yatsansa na sama wayar ta sake motsi.

“Bai taɓa gaya mana bai ga dutsen ba.
Ya ce mana fari ne kamar gishiri.
Kada ku cire sunansa.
Baɗi ma ku turo. Ragin dai ku bar shi.”

Sujan ya ce manhaja ba ta da gurbin wannan.
Na ce miƙo mini biro.

Daga sama ɗan Koriya yana kira, yana son ruwan zafi.
Na ɗora buta.
Na leƙa ta tagar kicin:
gajimare ne, har yanzu.